Jirgi Ba Ya Sauka A Kusugu, Amma Autarmu Ta Ce Sai Ta Tuƙa Shi

A wannan fitowar na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, sai ku yi mini haƙuri, domin wata irin soyayyar ce daban ta shigo gidanmu ta hana kowa sakat. Ba saurayi ba ne, ba kuma kishiya ba. Jirgin sama ne.

Duk wadda ta san Daura ta san unguwarmu ta Kusugu, inda rijiyar nan take wadda tarihi ya ce a cikinta Bayajida ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙi na zuwa daga ko'ina su leƙa cikinta, su kurɓi ruwan, su ɗauki hoto su tafi. Mu kuwa da muka tashi a wurin, leƙen ƙasa bai dame mu ba, sama muke kallo. Da mun ji ƙugi daga nesa sai mu watsar da 'yar carafke mu fito tsakar gida a guje, mu yi ta neman wani ɗan farin abu kamar allura yana jan zare a bayansa. Mu ɗaga hannu muna ihu muna ba shi saƙon gaisuwa zuwa Makka, don a tunaninmu na yara duk jirgin duniya Makka ya nufa.

Daura dai ba ta da filin da jirgin fasinja ke sauka. In kina son hawa sai ki yi tafiyar kimanin kilomita 80 zuwa Katsina, ko kuma ki miƙa ta Kazaure zuwa Kano. Saboda haka sai a 2015, da Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, sannan jirgi ya matso kusa da mu. In zai zo gida hutun sallah, babban jirginsa a Katsina yake sauka, daga nan sai mai saukar ungulu ya ƙaraso da shi. Wai! Ranar nan kaji da awaki ba sa samun kwanciyar hankali, kwanon rufi har rawa yake yi.

Autarmu a lokacin ba ta wuce shekara biyar ba. Sauran yara in sun ji ƙarar sai su toshe kunne su ruga ɗaki, ita kuwa sai ta yi ta birgima tana kuka har sai Yayanmu ya saɓa ta a wuya ya kai ta inda za ta hango farfelar tana juyawa. Muka ɗauka yarinta ce, za ta bari. Ina! Kafin ta gama firamare duk bayan littattafanta zanen jirgi ne. Ta haɗa wani da karan dawa da robar silifas, ta ciro 'yar motar tsohuwar rediyon Baba ta ɗaura masa a hanci, ta sa batir, farfela ta yi ta juyawa. Bai tashi ba kam, amma ya yi tafiya daga bakin murhu har gindin randa. Inna ta kama haɓa ta ce, "Ni 'yasu! Mace da wasan maza? Ke Auta, wa zai aure ki da wannan hali?"

A 2023 Allah Ya kira Hajiya Kaka aikin hajji, muka cika mota muka yi mata rakiya zuwa Katsina. Wannan ne ganina na farko da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda aka sa wa sunan marigayi shugaban ƙasa, kuma a nan aka sauke gawarsa a watan Mayu na 2010. Lokacin alhazai wurin ba masaka tsinke, ga masu rakiya, ga masu fura da nono, ga masu sayar da buta da carbi, kowa yana neman inuwa. Muna zaune a kan tabarma muna jiran a kira su, Kaka take ba mu labarin kakanta, wanda ya bar Daura da ƙafa da jaki, ya bi ta Barno da Chadi da Sudan, yana tsayawa yana noma yana tara guzuri, ya ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa. Sai da ya shekara bakwai sannan ya dawo, ya tarar har an raba gadonsa. Wasu abokan tafiyarsa ba su dawo ba sam, jikokinsu suna can Sudan har gobe suna jin Hausa. Ita kuwa Kaka tafiyar kimanin awa 5 ce a gabanta, amma duk da haka sai da ta yi mana wasiyya a kan tumakinta.

Da aka kira su, mu muna ta sharar hawaye, muka waiga babu Auta. Can muka same ta ta manne da waya tana leƙen jirgin, tana ƙirga tayoyinsa. Da ya taso a guje ya ɗaga hanci sama, wallahi yarinyar nan kuka ta fashe da shi. Na ce, "Yi haƙuri, Kaka za ta dawo lafiya." Ta dube ni ta ce, "Yaya, ni ba Kaka nake wa kuka ba."

A hanyarmu ta komawa ta cika mana kunne da abin da ta karanta a wayar Yayanmu, har direba ya rage sautin rediyo yana saurare. Daga bakinta na fara jin cewa jirage uku na sojan saman Ingila sun taso daga Masar sun sauka a filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, kuma da su ake kafa tarihin zuwan jirgin sama ƙasar nan. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, shi ya sa filin Kano, wanda yanzu ake kira na Malam Aminu Kano, ya girmi duk sauran. Ta kuma ba mu labarin wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, ya tashi da shi kimanin ƙafa 7 daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya. Ta ce, "Kin gani ko? Shi ma da tarkace ya fara." Daga baya na bincika, na tarar duk abin da ta faɗa haka yake.

To ni ma sai ga shi rabo ya rantse. A watan Janairu na 2024 aka gayyace ni wani taron marubuta a Abuja, masu taron suka aiko mini da tikitin jirgi daga Katsina. Da kuɗina ne da ban hau ba, gaskiya ɗaya ce, domin kuɗin tikitin zuwa kaɗai ya isa a yi wa amarya rabin kayan kicin. Dalili kuwa shi ne man jirgi, wanda ɗan'uwan kananzir ne, da kayan gyaransa duk da dala ake lissafinsu, ga shi fasinjan ƙananan filaye ba su da yawa. Amma Baba ya fi son in bi sama. Hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi ƙaurin suna wajen satar mutane, kuma kowa yana tune da harin da aka kai wa jirgin ƙasa a watan Maris na 2022. Yanzu da yawa daga masu hawa jirgi ba alfahari ke kai su ba, tsoro ne.

Filin da na bari yana cike maƙil lokacin alhazai, ranar nan sai na same shi tsit kamar makaranta ran Asabar. Zaure ɗaya ne muke ciki, kuma kusan kowa ya san kowa: ga wani Alhaji da matansa biyu, ga ma'aikatan gwamnati da jakunkunan takardu, ga wata baiwar Allah za ta kai mahaifinta asibiti. Aka auna jakata, aka duba katin shaidata, wata ma'aikaciya ta laluba ni, aka ba ni ɗan katin da ke ɗauke da lambar kujerata. Ƙaramin fili haka yake, jirgi ɗaya ake jira, in ya zo wuri ya farka, in ya tashi wuri ya koma barci. Kuma in bai zo ba, babu wani da za ki ce bari ki bi.

Haka kuwa aka yi mana. Ƙarfe goma ta wuce, sha biyu ta wuce, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Sai can aka sanar cewa hazo ne. Kun san yadda hunturu yake a wajenmu, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga hamadar Chadi ta rufe gari har rana ta koma kamar farin wata. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya ce ya yi aiki a filin jirgi har ya yi ritaya, shi ya yi mini bayani. Ya ce kowane fili yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a yarda ya sauka, in hazo ya rage wannan nisan to ko sarkin matuƙa ne doka ta hana shi. Manyan filaye suna da na'urorin da ke jagorantar jirgi har kusa da ƙasa, shi ya sa ƙananan su ne hazo ke fara rufewa. Ya ce, "'Yata, gara ki kwana a ƙasa kina jin haushi." Muka kuwa kwana. Na nemi gidan wata ƙawar Inna a cikin gari, buɗe taron nan dai ban same shi ba.

Washegari gari ya ɗan washe, jirgi ya zo. Da ƙafa muka taka har gindinsa muka hau matakala, babu wata mota. Ba zan ɓoye muku ba, ƙafata rawa take yi, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ma'aikaciyar jirgi ta nuna mana yadda ake ɗaure bel da inda ƙofofin gaggawa suke. Jirgi ya yi ta tafiya a hankali kamar mai jin kunya, ya je ƙarshen titi ya juya ya tsaya. Sai injin ya ɗauki wani irin ruri, aka manna ni da kujera, bishiyoyi suka riƙa wucewa fuu, kafin in ce me sai na ji cikina ya faɗa. Na leƙa taga, ga Katsina can ƙasa kamar an zuba ashana a faranti, gonaki kamar facin zane, motoci kamar tururuwa. Kunnena ya toshe, matar da ke gefena ta miƙo mini alawa ta ce in riƙa tsotsa ina haɗiye yawu, nauyin iska ne ke sauyawa in an yi sama. Can kuma muka ratsa hazon muka fito, sai ga sama shuɗiya garau, irin wadda rabona da ganinta tun ƙarshen damina. Ashe duk hunturun nan da muke fama da shi, rana tana nan lafiya lau a samansa. Ko awa ɗaya ba mu cika sosai ba muka sauka Abuja, tafiyar da a mota take cin yini guda.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne. Kafin mu hau na ga wata mata sanye da kayan aiki, da abin toshe kunne a kanta, tana zagaya jirgin tana haska tayoyi da ƙarƙashin fiffike da tocila. Ba 'yar wajenmu ba ce, daga jin Turancinta. Da na shiga ciki na duba, mu matan Hausawa mun kai goma, amma dukkanmu a zaune muke da jakunkunanmu a cinya. Na ce a raina, to me ya sa? Kamfanonin jirage nawa ne na mutanenmu? Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air tun 1980, Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ne ɗan Katsina, ga Azman, ga Rano Air, duk daga Kano. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama kuwa a Zariya take tun 1964, mutane na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka suna karatu a cikinta. Abu a ƙofar gidanmu, amma da wuya ki ji an ce ga 'yar gidan wane can a gaban jirgi.

Ba kuma don mata ba sa iyawa ba ne. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta samu lasisin tuƙa jirgin fasinja, a Zariyar nan ta koya, ta samu lasisinta a 1981, kuma a 2011 ta zama shugabar makarantar gaba ɗaya. Hadiza Lantana Oboh ta kai matsayin kyaftin a kamfanin Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fiffike, wanda ya daina aiki a 2003. Blessing Liman daga Jihar Kaduna ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiya a sojan saman Nijeriya. In kuma kun ce waɗannan sun yi nisa, to ku tsallaka Kwangwalam: a 2015 Ouma Laouali, wato Umma Lawali a bakinmu, ta zama mace ta farko da ke tuƙa jirgin sojan Nijar.

A nan zan faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa ba. Da na shiga aji huɗu aka ce kowa ta zaɓi ɓangare, malaminmu ya sa sunana a ajin kimiyya. Na je na yi ta kuka har aka mayar da ni ɓangaren at, ba don komai ba sai don ƙawayena suna can, kuma an ce mini lissafi yana sa ciwon kai. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce wannan 'yar takardar da nake cikewa ƙofofi take rufewa. Ba na raina rubutu, shi ne rufin asirina, amma ban zaɓe shi da sani ba, gudun wahala ne ya kai ni. Makarantar Zariya kuwa kiredit biyar take nema, kuma dole a ciki akwai Turanci da lissafi da fiziks. Bayan haka likita zai duba idonki da kunnenki da zuciyarki. Kuma ba tuƙi kaɗai ake koyarwa a can ba, akwai injiniyoyi masu gyara, akwai masu zama a hasumiya suna ba jirage izinin tashi da sauka, akwai masu kula da fasinja. Kusan dukkansu daga wannan zaɓi na aji huɗu hanyarsu ke farawa.

Bana Auta ta shiga aji huɗu, ta zaɓi kimiyya, ta kuma faɗa a gaban kowa cewa Zariya za ta. Nan fa gida ya kama da wuta. Inna tsoro take ji, kuma ba zan ga laifinta ba. Tana tune da labarin jirgin alhazai da ya faɗi a Kano a watan Janairu na 1973, mutum 176 suka rasu, da wanda ya taso daga Jidda zai je Sakkwato a watan Yuli na 1991 ya ƙone da mutum 261, da wanda ya faɗi a Abuja a watan Oktoba na 2006 da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a ciki. Ni kuma na ce mata, "Inna, mu ƙirga mutanen unguwar nan da muka rasa a kan titin Kano da na Katsina, sannan mu ƙirga waɗanda jirgi ya ci." Ta yi shiru, don ɗan ƙanwarta ma a hanyar Kazaure ya rasu. Ita kanta Kyaftin Hadiza da ta shekara da shekaru a sararin sama, a gidanta na Legas aka kashe ta a 1998.

Kawu shi nasa daban ne. Ya zo da maganar wani yaro ɗan abokinsa mai shagon atamfa, ya ce yarinya ta isa, wane namiji ne zai yarda matarsa ta kwana a Legas yau, gobe a Jidda? Yayanmu shi kuma kuɗi ya kawo, kuma maganarsa ce ta fi yi mini nauyi. Karatun tuƙi miliyoyin nairori yake ci, irin wanda ko gonar gado aka sayar ba za ta biya ba, sai dai in gwamnati ta ɗauki nauyi. Ko an gama ma aiki ba ya jira a bakin ƙofa. A 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi, suka dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe suna neman aiki, domin kowane irin jirgi sai an sake yi wa mutum horo na musamman a kansa, shi ma da kuɗi. Wannan gaskiya ce, ban ɓoye wa Auta ba, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Baba dai bai ce komai ba sai da aka kwana biyu. Ranar nan bayan isha ya kira ta zaure, ni ina laɓe a bakin ƙofa. Ya ce, "Auta, ga Jami'ar Sufuri nan a garinmu, wadda aka aza harsashinta a 2019, ga titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai bi ta nan. Me zai hana ki karanta aikin injiniya a gida, kina kwana a ɗakin uwarki?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, ta ce, "Baba, ai jirgin ƙasa ba ya tashi." Na ji ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Daga nan ya yanke hukunci: maganar aure a ajiye ta sai ta gama sakandare. In ta kawo masa kiredit a lissafi da fiziks a zama ɗaya, shi da kansa zai kai ta Zariya su ga wurin da idonsu, su tambayi yadda ake neman tallafi. In kuwa ba ta kawo ba, to ba ya so ya sake jin kalmar jirgi a gidansa. Kawu ya yi fushi, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Ranar 15 ga Yuli, 2025, aka sauke gawar Buhari a filin jirgin Katsina, aka kawo ta Daura a mota, aka yi masa sallah a filin nan da masu saukar ungulu ke sauka, aka binne shi a gidansa. Tun daga nan ƙarar farfela ta yi ƙaranci a garinmu, mun koma neman 'yar allurar nan mai jan zare a can ƙololuwa. Jarrabawar zangon farko ta fito, Auta ta ci fiziks da kyau, amma lissafi 41 ta samu. Ta yi kwana biyu ba ta cin abinci. Yanzu kuɗin littafina na baya-bayan nan da shi nake biyan wata malama tana zuwa gida Asabar da Lahadi. Jiya da la'asar suna tsakar gida a kan tabarma, malama tana cikin bayani a ɗan allo, sai ga ƙugi daga gabas. Na ga wuyan Auta ya motsa, malama ta ƙwanƙwasa allo da alli ta ce, "Nan za ki duba."